Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamai da Iyayenmu na Zangon Kumasi: 'Yan Ƙwallon Nan Fa Sun Girma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, Allah ya ja zamanin sarakuna, Allah ya ƙara wa iyayenmu maza da mata lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku daga Aboabo, gaisuwar ɗa ga iyayensa, ina kuma neman izini in yi magana a gabanku kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk lokacin da aka tashi yi wa matasan Zango nasiha, a huɗubar Juma'a ne, ko a wurin suna, ko a zaman addu'ar mamaci, sai an haɗa waya da ƙwallo da caca an yi musu kuɗin goro. A ce yara sun lalace, suna kwana suna musu a kan Turawan da ba su ma san da zamansu ba. Akwai gaskiya a cikin wannan kuka, kuma zan zo kanta ba tare da ɓoye komai ba. Sai dai waɗanda ake kira yaran nan, da yawansu yau sun haura talatin, wasu sun doshi arba'in, suna da iyali, suna biyan kuɗin haya da kuɗin makaranta. Shekarun da suka kwashe a zaurukan magoya baya na Facebook da WhatsApp ba su tafi a banza ba. A can wasunsu suka koyi haɗiye fushi da riƙon amanar kuɗin jama'a. Zango na matuƙar bukatar irin waɗannan mutane, amma ba a neman su, domin har yanzu kallon 'yan ƙwallo ake yi musu.

Ni mai gyaran waya ne, kuma mai goyon bayan Asante Kotoko tun ina riƙe hannun kawuna zuwa filin wasa na Kumasi, kafin ma a sa masa sunan tsohon ɗan wasan Ghana Baba Yara. Ina cikin masu kula da wani zaure na magoya baya, wanda ya faro a Facebook wajen lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, daga baya ya koma WhatsApp. Saboda haka abin da zan faɗa ganau ne, ba jiyau ba.

A wancan lokaci sai mutum ya je kafe ya biya kuɗin awa, ko ya yi ta fama da manhajar hira ta 2go a ƙaramar Nokia. Mafi yawanmu ba mu kai ashirin da biyar ba. Ku tuna daren 2 ga Yulin 2010, da Sulley Muntari na Ghana ya ci Uruguay daga nesa, Suarez ya tare ƙwallo da hannu a minti na ƙarshe, Asamoah Gyan ya buga fenariti ta daki ƙarfe. Abin da aka rubuta a shafukan magoya baya a daren nan ba ya maimaituwa a gaban manya. Ba a bar uwa ba, ba a bar uba ba. Da a lokacin kuka leƙa kuka ce wannan wuri ba shi da alheri, da ba wanda zai musa muku.

Abin da ya sauya mutane shi ne daɗewa tare. A fili na Facebook kana iya zagin wanda ba ka sani ba, ka kashe waya ka yi barcinka. Amma zauren WhatsApp, wanda a da ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, mutanen jiya su ne na yau, su ne kuma na baɗi. Ka gaya wa mutum baƙar magana ranar Lahadi da daddare, Litinin da safe ka same shi a layin koko da ƙosai a Akwatia Line, ko ka gano ashe yayan abokin aikinka ne. Ga shi kuma an ce magana zarar bunu ce, ta rubutu ma ta fi, don akwai mai ɗaukar hotonta ya ajiye, bayan shekara uku ya fito maka da ita a gaban kowa. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ko biyu ba sai an ce masa ya auna kalamansa ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma saɓawar da ba ta da wurin gudu tana tilasta wa mutum koyon zama da mutane.

Sai kuma shan kaye. Iyayenmu sun ga Kotoko ta ɗauki kofin zakarun Afirka na 1970 da na 1983. Mu da muka taso bayan haka labari kawai muke ji. Abin da muka gani da idonmu shi ne Janairun 2005, da Hearts of Oak ta Accra ta zo har gida ta ɗauke kofin Confederation a bugun fenariti, filin wasa ya yi tsit. Black Stars kuwa, ƙungiyar ƙasar Ghana, rabon su da kofin Afirka tun 1982. A 2015 muna gaba da biyu a bugun fenariti na wasan ƙarshe, Kwaddibuwa ta dawo ta cinye. Gasar 2025 ko zuwa ba mu samu yi ba. Wanda ya zaɓi goyon bayan waɗannan ƙungiyoyi ya shiga makarantar haƙuri ko yana so ko ba ya so. A zaurenmu akwai al'ada: wanda aka ci ƙungiyarsa ba ya ɓuya, dole ya fito da safe ya yi sallama, ya karɓi tsiyar da za a yi masa. Ɗan shekara goma sha takwas yakan fice a fusace, bayan kwana biyu ya roƙi a mayar da shi. Shi dai wannan yaro, idan ya kai talatin, sai ka ga ya rubuta: sun fi mu wasa, Allah ya kai mu mako mai zuwa. Kada ku raina wannan 'yar jimla. Mutumin da ya iya cewa an fi shi, a gaban ɗaruruwan mutane, ba tare da ya nemi wanda zai ɗora wa laifi ba, zai iya faɗin haka a kasuwa, zai iya faɗa wa matarsa idan ita ce da gaskiya.

Akwai wani yaro, a lokacin yana koyon walda a Sawaba. Bakinsa kaifi gare shi, kowa na shakkar shiga musu da shi. Wata rana bayan wasan Kotoko da Hearts ya yi wa wani babban yaya a zauren, ɗan Accra mai goyon bayan Phobia, wato Hearts, zagin da ya taɓa iyaye. Muka cire shi, muka ce ba zai dawo ba sai ya ba da haƙuri da muryarsa, ba a rubuce ba, kowa ya ji. Ya yi taurin kai na wani lokaci, daga baya saƙon ya zo, muryarsa na rawa, gajere ƙwarai. Aka mayar da shi, maganar ta wuce. Bayan wasu shekaru mahaifinsa ya rasu da magariba, aka sa jana'iza da safe. Wannan ɗan Accra da ya zaga, wanda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ya hau motar dare, ya iso Kumasi kafin asuba, ya yi salla a masallacin unguwar, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a kan tabarma kusa da yaron, ya ce masa: ni ne wane. Yaron ya kasa magana, ya kife kansa a gwiwa. Yau yana da shagonsa da yaransa, yana cikin masu kula da zauren, kuma idan sabon shiga ya yi rashin kunya ba ya tozarta shi a gaban jama'a. Kiran sa yake yi ta waya, ya ce: ƙanena, zo shago mu sha ataya. Na sha jin ana karanta aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan sunaye. Wannan mutumin ya san ɗacin abin da ayar ta hana, kuma a zauren ƙwallo ya ɗanɗana shi.

Maganar kuɗi ita ce na fi so ku duba da kyau. Ba a daɗe da haɗuwa ba aka fara gudummawa: wani zai yi aure, matar wani ta haihu, an kwantar da mahaifiyar wani a asibiti. Da farko kara-zube ake yi, a tura wa mutum ɗaya ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi kuma ya kai. Har ranar da aka samu wanda ya taɓa kuɗin, da niyyar zai mayar, bai mayar ba. An sha rigima, zauren ya kusa watsewa. Daga nan aka kafa ƙa'idar da muke kai har yau. Lamba ɗaya ake turawa, amma mutum biyu ne ke sa ido a kanta. Duk sidin da ya shigo ana rubuta shi nan take a jerin da kowa ke gani, wanda ba ya so a san shi a rubuta wani bawan Allah. Ana sa ranar rufewa. Ranar da aka rufe a turo hoton abin da ke cikin asusu, mutum uku su kai, a turo hoton rasit idan asibiti ne, canjin da ya rage a faɗi inda ya shiga. Lokacin kullen korona, da aka rufe Kumasi da Accra mako uku daga 30 ga Maris 2020, da wannan tsari muka kai shinkafa da mai da gari gidajen 'yan zaure masu tuƙa pragya, wato babur mai ƙafa uku, da masu kasa kaya a kasuwar Kejetia, waɗanda in ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Ba a ɗauki hoton kowa yana karɓa ba, domin an riga an yi wannan muhawara an gama ta tun tuni.

Allah ya gafarta malamai, ina tambaya cikin ladabi: masallatai nawa ne a unguwanninmu ake karanta wa jama'a lissafin abin da aka tara ranar Juma'a? Gine-gine nawa aka yi shekara da shekaru ana karɓar taimako dominsu, har yau ba a kai linta ba, kuma ba mai iya cewa ga abin da ya shigo ga abin da ya fita? Ba na zargin kowa da cin amana. Sau da yawa dattijon da ke riƙe da asusun mutumin kirki ne, rubutun ne da bin diddigin suka fi ƙarfinsa, mu kuma kunya ta hana mu tambaya. Alhali a sahu na uku akwai wanda ya shekara goma yana riƙe kuɗin mutane ɗari biyu da ba sa jin kunyar tuhumar sa a kan sidi biyar, kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Haka batun labari. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya, gini ya rufta da ɗan wasan Ghana Christian Atsu a Hatay, kwana ɗaya bayan ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallon nasara. Washegari labari ya bazu cewa an ciro shi da rai. Har manyan kafafen labarai suka ɗauka, mutane suka yi ta hamdala. A zaurenmu wasu daga cikin tsofaffin hannu suka ce a dakata: wa ya gan shi, a wane asibiti yake, ina hotonsa? Aka yi musu ca, ana cewa ba sa son alheri. Ranar 18 ga wata aka ciro gawarsa. Waɗannan mutane ba su yi karatun jarida ba. Shekaru suka yi ana yaudarar su da labaran cinikin 'yan wasa, yau an ce wane ya sa hannu, gobe a ce ƙarya ne, har suka koyi tambayar daga ina labari ya fito kafin su tura shi gaba. Yanzu ku duba zaurukan dangi da na unguwa, inda ake turo muryar wani da ba a sani ba yana cewa an sace yara a wuri kaza, ko a daina shan magani kaza, ko wata ƙabila na shirin far wa Musulmi. Galibi ba matasan ƙwallo ke yaɗa waɗannan ba. Sau da yawa su ne ke bin iyayensu a hankali suna cewa: Baba, wannan bidiyon tsoho ne, kuma ba a Ghana aka ɗauke shi ba. Umarnin da aya ta 6 a Hujurat ta bayar na a bincika labari, ga masu aiki da shi a cikin gidajenku.

Akwai ranar da ba a wasa da ita a zaure, ita ce 9 ga Mayu. A wannan rana a 2001, a filin wasa na Accra, Hearts ta ci Kotoko biyu da ɗaya, magoya baya suka fara jifa da kujeru da robobi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka ruga zuwa matakala suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu 'ya'yan Zango ne, unguwar Nima ta Accra ta yi jana'izar da ba za ta manta ba. Yaran da ke shiga zaurenmu yanzu ba a haife su ba a lokacin. Duk shekara idan ranar ta zagayo ana dakatar da tsokana, waɗanda suka je filin a ranar su ba da labari da bakinsu. Akwai wanda ke faɗin yadda ya fita ba takalmi, ya kwana yana zagaya asibitoci yana neman abokin da suka zo tare. Ba a ƙawata labarin, ba a kuma mayar da shi na ɓangare ɗaya, domin a matakalar nan ba a tambayi kowa jar riga ya sa ko mai launin bakan gizo ba.

Amfanin wannan tunawa ya fito fili a Fabrairun 2025, da aka daɓa wa sanannen mai goyon bayan Kotoko, wanda aka fi sani da Pooley, wuƙa a Nsoatre ya mutu, har aka dakatar da gasar lig. A daren nan jini ya hau. Matasa na rubuta cewa a yi hayar mota, a je a rama. Waɗanda suka tsaya suka tare su ba 'yan sanda ba ne, ba kuma malamai ba ne, don malamai ba sa cikin zauren. Mutanen da a 2010 su ne kan gaba wajen zagi, su ne suka kwana suna goge saƙonnin tunzura, suna kiran yara ɗaya bayan ɗaya, suna cewa a bar hukuma ta yi aikinta, a matsa mata lamba ta hanyar da ta dace. Aka rufe zauren na wasu awoyi, ba mai iya rubutu sai masu kula. Da gari ya waye aka buɗe da addu'a. Iyayena, sulhu ke nan, irin wanda kuke yi a ƙofar gidan sarki, sai dai wannan da tsakar dare aka yi shi, ba kuma wanda ya gani balle ya yaba.

Wani abin kuma, zauren ya fitar da mu daga Zango ba tare da mun bar gida ba. Kotoko ta Asanteman ce, wato ƙasar Asante, an kafa ta a 1935, Otumfuo, Sarkin Asante, ne uban ƙungiya, don haka muna tare da Asantawa Kiristoci, da 'yan arewa, da 'yan uwanmu da ke Italiya da Jamus da Amurka waɗanda ba sa barci sai sun ji sakamako. Ana cakuɗa Hausa da Twi da Turanci. Da azumi su ke fara yi mana barka da shan ruwa, idan aka yi musu rasuwa mu je mu yi gaisuwa iyakar abin da addini ya yarda. Yaron da ya saba musu da wanda ba addininsu ɗaya ba, ya kare ra'ayinsa ba tsoro ba cin mutunci, ba zai zama abin tsoro ga gari ba, ba kuma zai ji shi baƙo ne a ƙasar haihuwarsa ba. Mata kaɗan ne a cikinmu, kuma laifin maza ne, don a farkon lamari maganganun banza sun kori da yawansu. Waɗanda suka jure sun sa an kafa doka mai tsauri a kan bin mace ta bayan fage. Na kuma san 'yan uwanmu mata suna da nasu zaurukan na masoya finafinan Hausa da littattafai, inda ake adashi da haɗa kayan barka, su ma a tambaye su.

Yanzu ga inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari. Caca ta shigo ƙwallo ta yi mana ɓarna mai yawa. A da sai an je shago, yanzu tana cikin aljihu, a wayar da ake karanta Alƙur'ani da ita. Ina gani a teburina: yaro ya kawo waya gyara, ka buɗe ka ga manhajar caca uku, kuɗin sayen gilashi kuwa babu. Na san wanda ya saka jarin maigidansa, na san auren da ya mutu. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, aka soke shi a 2025, kuma ko lokacin da yake aiki bai hana kowa ba. Hukuncin Allah a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida a bayyane yake, ba mai ja da shi. Haka kuma gaskiya ne wasannin Turai na dare suna cin sallar isha'i, suna sa a makara asuba. Gaskiya ne akwai wanda ya shekara goma sha biyar a zaure bai ƙaru da komai ba sai iya baƙar magana. Shekaru kaɗai ba sa gyara mutum, sai in ya samu waɗanda za su riƙa taka masa burki, shi kuma ya yarda ya zauna da su.

Amma ku lura da wannan: mai goyon baya daban, ɗan caca daban. Ɗan caca ba shi da ƙungiya, zai iya yin addu'a a ci Kotoko in dai takardarsa za ta shiga. A zaurenmu an haramta turo lambobin caca, wanda ya turo a gargaɗe shi, ya sake a cire shi. Mun yi asarar mutane saboda wannan doka, ba mu janye ta ba. Idan aka hau mumbari aka haɗa mu da 'yan caca aka yi mana wanka da ruwa ɗaya, yaron da ke tsaka-tsaki sai ya ce tunda duka ɗaya ne a wurin malam, bari ya ci gaba. An kuma karya gwiwar mutanen da su kaɗai ne ke yaƙar abin a inda yake faruwa. Malam na ganin yaro sau ɗaya a mako, in ya zo Juma'a. Mu muna tare da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da ya rage wasa ɗaya takardarsa ta ƙone.

Ba yau Zango ta fara cin moriyar ƙwallo ba. Filin da duk Asante ke alfahari da shi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Alhaji Karim Grusah ya kafa ƙungiyar King Faisal, ya kwashi yara daga lungu ya ba su hanya, Samuel Osei Kuffour ya bi ta hannunsa kafin ya je ya yi suna a Bayern Munich. Mohammed Kudus daga Nima ya fito, ya ci Koriya ta Kudu biyu a Qatar a 2022, yara suka ga nasu a talabijin. Masu buga ƙwallon mun yarda da su, muna sa musu albarka. Masu kallon ne har yau ba mu yarda wani abin kirki zai fito daga cikinsu ba.

Roƙona gare ku, iyayena, ba mai tsada ba ne. Idan za a yi wa'azi a kan waya, a rarrabe, a kira caca da sunanta, a bar goyon baya a matsayinsa na abin da ke iya zama alheri ko sharri gwargwadon yadda aka riƙe shi. Kowane limamin unguwa ya tambaya a cikin masu bin sa salla su wa ke kula da irin waɗannan zauruka, zai yi mamakin fuskokin da zai gani. A kira su a zauna da su, ba zaman tuhuma ba. A sa ɗaya ko biyu a kwamitin masallaci, a damƙa musu littafin asusu tare da dattijon da ke riƙe da shi, a ga yadda wata shida za su kasance. Sarakunanmu kuma, idan zaɓe ya matso, kun fi kowa sanin yadda mazaɓar Asawase da kewaye ke ɗaukar zafi, da yadda 'yan siyasa ke zagaya majalisun matasa da 'yan kuɗi. Taron zaman lafiya da ake yi a zauren otal, a ɗauki hoto a watse, ba ya kai wa ga yaran da ake ba wa babur da sanda. Masu kula da zaurukan ƙwallo suna da lambobin yaran nan, sun san wanda ke jin maganar wa, sun kuma taɓa kwantar da su a daren da ya fi na zaɓe zafi. A gayyace su tun ana shiri, ba sai abu ya lalace ba.

Mu ma muna da bukata a wurinku. Akwai tambayoyin da ke tasowa a zaure da suka fi ƙarfin saninmu: hukuncin kuɗin da mutum ya ci a caca kafin ya tuba, yadda za a yi da bashin mamacin da ke cikinmu, abin da ya halatta a gaisuwar mutuwar wanda ba Musulmi ba. Muna son malami mai haƙuri, wanda ba zai fara da tsine wa ƙwallo ba, ya ba mu lokaci ko sau ɗaya a wata, bayan la'asar, a harabar masallaci ko a inda muke shan ataya. Mu za mu kawo yaran, mu kawo tabarmi.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa ɗanku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da Kumasi da Ghana lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mai gyaran waya daga Aboabo, Kumasi